Ƴar Tayar da Ba Ta Ƙara Komai



Ranar da muka zauna raba aikin wannan ɗan littafi, aka ce bana tarihi za mu rubuta, kowa ya ɗauko babban abu. Wani ya ɗauki Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na 1899, wata ta ɗauki Sarki Tanimun da garun Damagaram. Da aka zo kaina, na ce ni tarihin ƴar tayar nan zan rubuta, wadda ke jikin igiyar ekuter, ake murza ta da babban yatsa. Aka yi ta dariya har shayi ya kusa zubewa. Ban ji haushi ba, don ni ma shekara biyu baya da dariyar zan yi. Amma lokacin kunnena na hagu bai fara wannan ƙarar da yake yi yanzu ba.

Yadda na sayi igiyar

Shekarar da zan yi bak, mu huɗu muke kwana ɗaki guda a wata unguwa ta Maraɗi. Bayan ɗakin akwai mai sayar da ƙanƙara. Da an ɗauke wuta sai ya tada gurup ɗinsa, ya kwana yana ruri. Ni kuma na saba ɗaukar muryata a salula ina karanta darasin tarihi da na falsafa, in dare ya yi in sa ekuter in saurara. Don in rinjayi gurup sai in ƙure sauti. In darasi ya ƙare waƙa ta hau, barci ya kwashe ni, da asuba in farka abu na ta duka cikin kunne. Da yake a ɓarin dama nake kwanciya, kunnen hagu kaɗai nake sa wa. Salular takan fito da wani rubutu na gargaɗi in na wuce wani mataki. Ban taɓa karanta shi har ƙarshe ba, dannawa kawai nake ya wuce.

Na ci bak, alhamdu lillahi. Amma da na shiga fak sai na lura sautin da ke isata da ya daina isata. Maimakon in zargi kunnena sai na zargi ekuter. Na canza ɗaya, na canza biyu. Wata rana a kasuwa wani yaro mai teburin kayan salula ya miƙo mini wata gajeruwar igiya: gefe guda tsinken da ake sokawa a salula, ɗaya gefen ramin da ekuter ke shiga, a tsakiya wani ɗan akwati kamar ƙwallon dabino, da ƴar taya a jikinsa.

Ya ce, "Wagga ita ce maganin matsalarka, babban yaya. Tana ƙara bolim."

Na ba shi dala ɗari, na koma gida da murna. Na soka, na murza tayar har ƙarshe. Sauti bai wuce inda yake da ba. Na murza baya, ya ragu har ya ɓace. Na ce shi ke nan, an ci kuɗina.

Washegari na kai ta wurin wani tsohon mai gyaran rediyo da ke kusa da tasha, ina cika ina batsewa. Na ce, "Baba, duba mini wagga, ta lalace tun tana sabuwa."

Ya sa bakin wuƙa ya ɓalle ɗan akwatin, ya juya shi a tafin hannu, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan lekol, lahiyarta lau. Ka ga pil a ciki?"

Na ce a'a.

"To da mi za ta ƙara maka? Wagga ba ta ƙarin komi. Ragewa kaɗai ta iya."

Ya nuna mini cikinta. Akwai wasu baƙaƙen layuka biyu lanƙwasassu kamar jinjirin wata, na garin gawayi da aka manna, ɗaya na kunnen dama ɗaya na hagu. A kan kowane akwai ɗan harshen ƙarfe da ke zamewa in an murza tayar. Sautin da ke fitowa daga salula ɗan lantarki ne mai rauni. Iya nisan gawayin da ya ratsa kafin ya kai ga harshen, iya abin da zai ragu ke nan. Ya ce in tuna ƙofar ruwa ta lambunan Jiratawa: mai lambu yana iya rufe ta rabi, yana iya buɗe ta duka, amma ba ya iya shigo da ruwan da babu a babbar kwata.

Sannan ya yi mini tambayar da ta hana ni barci: "Yaro kamarka, mi ya sa sautin da ke isar kowa bai isarka?"

Daga wannan tambaya na shiga neman asalin abin. Ga abin da na tarar.

Zamanin da sauti bai isa ba

Tsinken da muke sokawa a salula ya girmi rediyo. Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho a 1876, kuma a 1878 aka buɗe gidan haɗa layukan tarho na farko na kasuwanci a garin New Haven na Amurka. A irin waɗannan gidaje ma'aikata ne, yawancinsu mata, ke zaune gaban wani babban allo mai ramuka. In ka kira, sai ta ciro igiya ta soka a ramin wanda kake nema. Don hannayenta su samu sakewa, aka ɗaura mata abin ji a kai. Kakan ekuter ke nan, kayan aiki ne, ba na nishaɗi ba. Tsinken da take sokawa, mai kaurin milimita 6.35, har yau shi ne a jikin gita da manyan injunan sauti na wurin biki.

Ba a daɗe ba mutane suka ga ana iya jin kiɗa ta wannan hanya. A 1881, a baje kolin lantarki na birnin Paris, Clément Ader ya ja layuka daga gidan opera, mutane suka kara abin ji biyu a kunnuwa suna sauraron mawaƙa daga nesa. Daga 1890 abin ya zama kasuwanci da sunan Théâtrophone, ya rayu har 1932. A 1910 kuma wani Ba'amurke, Nathaniel Baldwin, ya ƙera abin ji mai kunne biyu a ɗakin girkinsa a jihar Utah, sojojin ruwan Amurka suka saya don masu karɓar saƙon iska.

Abin lura a duk wannan zamani shi ne babu mai neman ragewa. Sautin ne bai isa ba. Rediyon talakawa na farkon shekarun 1920, wanda ake haɗawa da ɗan dutsen galena da siririyar waya, ba shi da pil ko kaɗan. Da ƙarfin da eriya ta kamo daga iska yake aiki, shi ya sa dole sai da abin ji a kunne, kuma dole ɗaki ya yi tsit. Mutumin wancan lokaci in ka ba shi ƴar tayata, zai tambaye ka me zai rage.

Da ƙarfi ya samu, sai aka nemi linzami

Ilmin da ke cikin ɗan akwatin nan ya riga tarho zuwa duniya. U = RI ɗin da muka haddace a kolej don kawai mu ci jarrabawa, Georg Ohm ne ya wallafa ta a Jamus a 1827. A 1843 Charles Wheatstone na Ingila ya bayyana wata na'ura da ya kira reyosta, wadda ake ƙara mata rezistans ko a rage ta hanyar murzawa. Abin da ke cikin igiyata jikan wannan ne, masu gyara suna ce masa potansiyometir. Amma shekaru da yawa a ɗakunan gwaji ya zauna, don babu sautin da ya yi yawa har a sa masa linzami.

Abin da ya sauya al'amari wani ƙwai ne na gilashi mai kama da ƙwan fitila, wanda Lee de Forest ya ƙirƙiro a 1906. Bayan ƴan shekaru aka gane yana iya ɗaukar raunanan lantarki ya mayar da shi mai ƙarfi. A 1925 injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fito da irin lasifikar da har yau ake amfani da tsarinta. Rediyo ya bar kunnen mutum guda ya cika ɗaki. Ranar da sauti ya iya cika ɗaki, ranar ce aka fara buƙatar abin rage shi. Sai aka sa wa akwatin rediyo maɓallin murzawa a gaba.

A waɗannan shekaru ne kuma injiniyoyin tarho na kamfanin Bell suka tsara ma'aunin da ake kira desibel, don tunawa da sunan Bell. Ma'auni ne mai yaudarar wanda bai san shi ba, don ba ya tafiya ɗaya, biyu, uku kamar awon hatsi. Ƙarin desibel 3 kacal ninka ƙarfin sauti ne sau biyu. Ƙarin desibel 10 ninkawa ne sau goma, amma kunne yana jin sa kamar sau biyu kawai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Saboda wannan hali na kunne ne ake tsara gawayin maɓallin kirki yadda sauti zai hau a hankali. Na arha kuwa, irin nawa, za ka murza rabi shiru, ka ƙara kaɗan ya daka tsalle.

Rediyon kakana

A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a Amurka, ya maye gurbin ƙwan gilashi. A 1954 aka fara sayar da Regency TR-1, rediyon da ke shiga aljihu, kamfanonin Japan kuma suka bi baya suka cika duniya da irinsa. Da waɗannan ƙananan rediyoyi ne ƙaramin tsinke mai milimita 3.5 ya yaɗu, tare da ɗan abin ji na kunne ɗaya. Wannan rediyo mai pil shi ne ya iso ƙauyukanmu, inda babu wutar lantarki. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Nijar ya buɗe a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel.

Da na je hutu ƙauye na tambayi kakana yadda abin yake. Ya ce zamanin Diori, wata shekara da gyaɗa ta yi kyau, ya shigo Maraɗi ya sayar, ya koma gida da rediyo. Aka ɗinka masa riga ta ƙyalle don ƙura. Bayan isha'i sai ya fito da shi ƙofar gida, maƙwabta su shimfiɗa tabarmi.

Na ce, "Kaka, ba a sayo shi da ɗan abin sawa a kunne ba?"

Ya ce, "Akwai wani ɗan abu hakanan cikin kwalin. Kakarka ta ɗaure bakin buhu da igiyarshi. Wa za ya toshe kunne shi ɗai, mutane na zaune? Ai sai a ce rowa gare ka."

Ya ce maɓallin sauti kuwa ba mai taɓa shi sai shi. Yaro in ya taɓa ya sha dundu. In labaru suka zo a ƙara, in liman ya taho a rage, in waƙa ta yi yawa wata tsohuwa ta yi magana daga cikin gida a rage. Pil ma tsada gare shi, ƙure sauti cin pil ne. Wato a zamaninsu abubuwa uku ne ke tsare kunne ba tare da kowa ya yi niyya ba: maigida, da maƙwabta, da kuɗin pil. Sautinka kowa na jin sa, saboda haka kowa na da bakin cewa ya yi yawa.

Yadda maɓalli ya hau igiya

A 1958 John Koss ya fito da abin ji na sitiriyo don sauraron kiɗa a gida. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, wanda ya kai Shata da Ɗan Gurmu da wa'azin malamai kowace tasha da kowane shago. Ranar 1 ga Yuli 1979 kamfanin Sony ya haɗa biyun a abu guda, ya fara sayar da Walkman a Japan.

Akwai abin da ya ba ni mamaki game da Walkman na farko. Ramukan ekuter biyu gare shi, don mutum biyu su ji tare. Akwai kuma wani maɓalli mai ruwan lemu, in ka danna kiɗa ya yi ƙasa, wani ɗan mikro ya buɗe, ka ji maganar na kusa da kai. Masu kamfanin sun ji tsoron abin da kakana ya faɗa, cewa mutum ya toshe kunne shi kaɗai rashin ladabi ne. Amma masu saye ba su damu ba, kowa nasa yake so. Ba a daɗe ba aka daina sa wannan maɓalli.

Nan ne ƴar tayata ta samu aiki. Rediyon kakana a gabansa yake, hannunsa na kai. Walkman kuwa yana aljihu ko cikin jaka ko a ƙugu. In wani ya yi maka magana, ko mota ta taho, kafin ka lalubo shi an wuce wurin. Sai masu ƙira suka ciro maɓallin daga jikin na'ura suka ɗora shi a kan igiya, daidai ƙirji, inda yatsa zai same shi ba tare da ido ya duba ba. A shekarun 1990 irin wannan ɗan akwati ya zama ruwan dare a jikin na'urorin kaset da na faifan CD na aljihu.

Ku dubi tafiyar da wannan iko ya yi. Da farko ba ya hannun kowa, don babu abin ragewa. Ya zo hannun maigida a ƙofar gida. Ya shiga aljihun saurayi. Ya hau igiya har ya tsaya ƙarƙashin babban yatsa. Kowane mataki ƴanci ne ya ƙaru, ba na musu. Amma a kowane mataki an rage mutum guda cikin masu iya ce maka ya yi yawa. Daren da nake ƙure sauti a ɗakin nan, mutum uku ne kwance kusa da ni, babu wanda ya san abin da ke faruwa cikin kunnena.

Maɓallin dannawa da tayar murzawa ba ɗaya ba ne

Salula ta iso mana a farkon shekarun 2000, daga baya ta haɗiye rediyo da kaset gaba ɗaya. Ekuter ɗin da ke zuwa da ita yana da ƴan maɓallai na ƙari da ragi a igiya. Da yawanmu muna ɗauka su da taya abu guda ne. Ba haka ba ne. Ku dubi tsinken ekuter ɗinku: in zobe biyu ne baƙaƙe, kashi uku ke nan, hagu da dama da mas. In zobe uku ne, kashi huɗu ke nan, na huɗun na mikro ne. Maɓallin dannawa ta layin mikro yake aika wa salula saƙo, ita ce ke ƙarawa ko ragewa. Shi ɗan aike ne kawai. Shi ya sa wani ekuter ke aiki a wannan salula ya ƙi a waccan, don kamfanoni ba su jera waɗannan kashi iri ɗaya ba tun farko.

Taya kuwa ba ta aika saƙo, ba ta neman izinin kowa. A rediyo tana aiki, a kwamfuta tana aiki, a salular da maɓallin gefenta ya mutu tana aiki. Amma in igiyarta mai kashi uku ce, mikro ɗinka ba zai ratsa ta ba, sai ka cire ta in za ka amsa kira da ekuter.

Tana da nata aibu. Ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin harshe da gawayi sai ka ji ƙaras-ƙaras in kana murzawa. In ka kai ta can ƙasa, wani lokaci kunne ɗaya ya fi ɗaya ji, don layukan biyu ba su zo daidai ba. Inda igiya ta shiga akwati kuma nan take fara tsinkewa. Ga shi kuma zamaninta na neman wucewa: a 2016 kamfanin Apple ya cire ramin ekuter daga iPhone 7, wasu kamfanoni suka bi, ekuter marar igiya ya cika kasuwa. A wurinmu dai ramin bai mutu ba tukuna, don yawancin salular da ɗalibi ke iya saye tana da shi, kuma igiyar ekuter ita ce eriyar rediyon FM ɗinta.

Abin da gargaɗin ke cewa

Rubutun nan da nake dannawa ya wuce, shi ma tarihi gare shi. A 1996 Faransa ta kafa doka cewa kada na'urar sauraro ta aljihu ta wuce desibel 100. Daga 2013 ƙa'idar Tarayyar Turai ta ce na'ura ta tsaya a desibel 85, in mai ita yana son wucewa sai an gargaɗe shi ya amince. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. A 2019 ita da Hukumar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ma'auni: babban mutum na iya jin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba.

Yanzu ku dawo da lissafin da na ce ku riƙe. Hira ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. A 80 kana da awa 40. A 83 sun koma 20. A 90 sun koma 4. A 100 ba su kai rabin awa ba, a mako guda cur. Daga 80 zuwa 90 kunne zai ce maka sauti ya ninka sau biyu ne kawai, alhali lokacinka ya ragu sau goma. Ni kuwa dare bakwai a mako nake kwana da shi a ƙure.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi. A cikinsa akwai ƴan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen dubu goma sha biyar, su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Sauti mai ƙarfi kwantar da su yake. In sau ɗaya ne sukan miƙe, kamar ciyawar da akuya ta taka ta wuce. In kullum ne wurin ya zama burtali. Kuma a jikin ɗan Adam waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa.

Na je an auna ni. Likita ta sa mini babban abin ji, ta ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Da aka zo siraran sautuka a hagu, sai na ga tana kallona, hannuna yana ƙasa. Ta ce abin bai yi nisa ba, amma abin da ya tafi ya tafi, sai dai in tsare saura. Shi ya sa a amfi in mutane sun cika nake jin muryar malam amma kalmomin na kuɓuce mini. Shi ya sa in dare ya yi tsit nake jin wani siririn shuuu da ba kowa ke jin sa ba sai ni.

Yadda nake yi yanzu

Igiyar nan da na so in jefar, tsohon ya manne mini ita, har yau tana nan. Ga yadda nake amfani da ita, ko wani zai amfana.

Ba na ƙure salula in ce taya za ta tare. Wannan tarko ne: ranar da ta murzu cikin aljihu, ko ka manta ka soka ekuter kai tsaye, duk ƙarfin a kunnenka zai sauka. Salula nake tsayarwa ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, ta zama ita ce babbar kwata. Taya kuma ta zama ƙofar lambu. Kafin in sa ekuter a kunne sai na mayar da ita ƙasa, sannan in hau a hankali, in tsaya inda magana ta fito sarai. In na kusa da ni ya yi magana ban ji ba, na san na wuce. In gurup ya tashi ba na yin gasa da shi, tashi nake in canza wuri ko in haƙura. Kan kabu-kabu ba na sawa. Kuma ba na kwana da shi, ko da darasin gobe ne.

Ban ce ku je ku sayi irinta ba. Ita ba ta da wata dabara, maɓallin gefen salularku ma yana yin aikin. Abin da ta yi mini shi ne ta sa ragewa ƙarƙashin yatsana, bayan na shekara biyu ban san wata hanya ba sai ta sama.

Ana cewa kunne ya girmi kaka. Ranar da zan baro ƙauye muna zaune da kakana a ƙofar gida da la'asar sakaliya, sai ya ɗaga kai ya ce motar kasuwa ta taho, in tashi in ɗauki jakata. Na kasa kunne, ban ji komai ba sai shuuu ɗin nan nawa. Sai da aka jima na hango ƙura.

Ya yi dariya ya ce, "Kai kurma, da wanga kunne za ka ƙwace mini mata?"

Na yi dariya ni ma, don wasan jika da kaka ne. Amma shi ya haura tamanin, ni ban cika ashirin da uku ba.

Wassalam.